Yatsan Kawu Mai Faci

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa. Tun daga ranar hannuna na dama bai huta ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, in ya gama da manya, sai ya nemo ni a ƙarshen tabarma ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne ɗan yayarsa mai keke? Kai ka ɗauke shi? Allah ya yi maka albarka."

"An ce mutane sun yi cirko-cirko suna kallo, kai kaɗai ka kutsa."

Wata tsohuwa da ta zo daga Tagwai, ƙawar mahaifiyata, har da dafa mini kai. Ina ta cewa amin, amin, ina kauce wa idonsu. Don ba haka aka yi ba. Zan zo kan wannan.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mutumin da duk abin da ya mallaka rumfar facin taya ce a bakin titin Maitumbi nan Minna, da injin iska mai tari, da ɗaki biyu, amma sai da layin ya toshe. 'Yan keke mai ƙafa uku irina sun zo, direbobin tankar ruwa sun zo, faston cocin da ke bayan rumfarsa ya zo da dattawansa, suka cire takalma suka zauna a tabarma. Kuma kowa labari ɗaya gare shi. Ba ka jin "ya ba ni kaza". Sai dai "ni ma ya taɓa nuna ni".

Wani direban tanka ya ce, "Wallahi gaban surukina ya nuna ni. Na ci ado za mu ɗaurin aure, ya ce, kai mai farar shadda, kama ƙafarsa. Na kama. Shaddar nan ba ta sake fari ba."

"Kai ka ji daɗi," in ji wani. "Ni cewa ya yi, kai mai tumbi."

Aka fashe da dariya. Liman ya ɗago kai, aka yi tsit. Sai limamin ya ce, "Ni ina tsakiyar alwala ya nuna ni. Da ƙafa ɗaya a jiƙe na tafi."

Mijin 'yar Kawu malamin makaranta ne a Kaduna. Shi ya ce wai abin nan yana cikin littafi, har koyar da shi ake yi: in mutane suka yi yawa a wurin haɗari sai kowa ya bar wa kowa, kuma mutum yakan aikata abin da ransa bai so ba in na sama da shi ya ce ya yi. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ban riƙe ba. Ni a aji huɗu na tsaya, Kawu ko ajin bai shiga ba. A bakin titi ya yi nasa karatun.

A cikin gida kuwa Inna ce, matarsa, zaune a tabarma ta fara takaba. Wata huɗu da kwana goma ba za ta fita ba. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama ne ya rage, shi ma da magani ake riƙe da shi, ɗigo da safe, ɗigo da yamma. Likita ya ce in aka yi wasa da ɗigon, wannan ma zai bi ɗan'uwansa, kuma ba ya dawowa. Hannunta yana rawa, ba ta iya ɗiga wa kanta. Shekara shida Kawu ne ke ɗiga mata, shi ke cika mata randa, don famfon layinsu sai ya ga dama yake kawo ruwa. 'Yarsu ɗaya ce, ga ta da tsohon ciki, bayan bakwai dole ta koma Kaduna.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jin abin da ake gaya wa Inna. Kowace mace da ta durƙusa, kowane namiji da ya leƙa, magana ɗaya: "Inna, kar ki damu, muna nan." Na ji ta fi sau arba'in. Kuma na san abin da "muna nan" ɗin mutum arba'in yake zama bayan an naɗe tabarmi. Na sani, don ni ma irinsu ne. Shi ya sa na zauna rubuta wannan da mummunan hannuna, don kar a manta da shi, kuma don a daina yaba mini abin da ban yi ba.

Yatsansa na dama, manuni, a karkace yake. Rim ɗin taya ne ya taɓa fashe masa yana koyon aiki, ƙashin ya haɗe a gicciye. In ya nuna mutum ɗaya, sai na kusa da shi ma ya ɗauka da shi ake, su tashi su biyu. Kawu ya ce bai taɓa da-na-sanin karayar nan ba.

Rumfarsa tana daidai kwanar da masu babur ke shigowa ba birki. Ba a yin mako biyu ba a kwashe wani ba. Na sha gani da idona. Da an ji ƙara sai mutane su taru, a zagaye wanda ya faɗi, a riƙe ƙugu, wannan na salati, wannan na kiran Yesu, wannan na wayyo, yanzu kuma har da ɗaga waya. Kawu zai ajiye ƙarfen ɓalle taya, ya goge hannu a wando, ya shiga tsakiya. Ban taɓa jin ya ce "jama'a a taimaka" ba. Ya ce shi bai taɓa ganin wani mai suna jama'a ya ɗauki kowa ba.

"Kai mai jar hula, tsaya can ka tare motoci. Kai dai, kar ka waiga, ba kowa bayanka. Ke mai goyo, ba ni ɗankwalinki. Mai keke, sauke fasinjanka. Alhaji, naɗe hannun rigar nan ka kama kafaɗa."

Kuma sai su yi. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki ke nan. Mutanen da ɗazu suke tsaye kamar an dasa su, da yatsa ya sauka kansu sai ka ga har gudu suke. Ba miyagu ba ne. Jira suke wani ya fara, shi ma wanin jira yake.

Akwai wani abin da yake yi wanda mutane da yawa ba su sani ba. Washegari, ko bayan kwana biyu, in ya hango wanda ya nuna yana wucewa, sai ya kira shi. Mutum ya zo a tsorace, yana tunanin wani aikin ne kuma. Sai Kawu ya ce, "Wanda ka kama wa ƙafa ya tashi. Jiya ya ci tuwo." Shi ke nan, ya koma kan tayarsa. In kuma mutumin bai tashi ba, shi ma zai faɗa maka: "Bai yi rai ba. Amma a gado ya cika, matarsa na gefensa, ba a kwalta ba." Na ga ƙato mai gemu ya juya baya yana share ido saboda wannan maganar.

Kar a ɗauka mutum ne mai daɗin zama. Ba shi da shi. Bai iya lallashi ba, bai iya "don Allah" ba. In kwata ta toshe a layi, kowa na tsallakewa yana tsaki, shi sai ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame ya nuna mutum uku ya ce su ɗauko shebur. Akwai masu canza hanya in sun hango shi. Inna takan ce, "Malam, wata rana sai an ƙarasa karya maka yatsan nan." Ya ce, "Sai in koma na hagu."

Bai taɓa sayen takalmi ba. Da tsohuwar taya yake yanka nasa. Maɗaurin ƙafar dama jan roba, na hagu baƙi, don abin da ya samu ke nan ranar da ya yi na farko, kuma ya ƙi canzawa. Duk Minna ban ga mai irinsa ba.

Gefen rumfarsa akwai Mama mai gasa masara, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista. Sun fi shekara goma suna maƙwabtaka, kullum cikin faɗa. Hayaƙinta na shiga masa ido, injinsa na tayar mata da toka. Tana ce masa Baba Faci, yana ce mata Uwar Hayaƙi. Amma in aka yi haɗari ita ce ta farko da yake nunawa: "Ke, ruwa." Daga baya ta kwashe kaskonta ta koma Sabon Gari kusa da 'yarta. Ya ce alhamdu lillahi, idonsa ya huta. Sati guda bai ci abincin kirki ba.

Rigimata da shi shekara tara ke nan. Lokacin ina cikin 'yan kwamitin tasharmu ta keke, an ba ni riga mai ƙyalli da usur, ina jin kaina. Wata Asabar bayan la'asar aka yi ihun ɓarawo. Wani magidanci ne, ya kai shekaruna, an ce ya zare wayar wata fasinja. Nan da nan aka kwantar da shi ƙasa, mai takalmi na yi, mai bel na yi, mafi yawa kuma sun yi da'ira suna kallo. Ciyaman ɗinmu ya hau kan benci. Ya dube ni ya ce, "Kai, je ka kawo taya."

Ban tambayi ta mece ce ba. Na san ta mece ce. Wani ma ya riga ya tafi zuƙo fetur. Amma Ciyaman ne ya ce, kuma rigar da ke jikina shi ya ba ni. Na ruga. To ina za ka sami tsohuwar taya a Maitumbi in ba wurin Kawu ba? Haka kaina ya toshe. Na je na ɗauki ɗaya a kan tulin da ke bayan rumfa, ko sallama ban yi ba.

"Ɗan Yaya, ina za ka da ita?"

"Ciyaman ne ya aiko ni."

"Ban tambaye ka wanda ya aiko ka ba."

Na juya na tafi ina gara ta da gudu. Ban san yana biye da ni ba sai da na isa na ga mutane suna darewa. Ya shiga tsakiya ya tsaya a kan mutumin, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Bai ce a yi haƙuri ba, bai yi wa'azi ba. Mutane ya fara tsinta.

"Kai ɗan mai itace, jiya ubanka ya sha shayi a rumfata, ajiye bel ɗin nan. Kai mijin 'yar ladan, na gan ka. Kai mai galan, na san gidanku, ƙofa mai koren fenti."

Duk wanda ya kira sai ka ga hannunsa ya sauka, ya koma kallon ƙasa. Taron nan ya warware ya zama mutum ɗai-ɗai, kowa da uwarsa da ubansa.

Ciyaman ya ce, "Baba, wannan maganar tasha ce. Ni na ba da umarni."

"To sauko ka rataya masa da hannunka, Ciyaman. Ga ta nan. Me ya sa sai an aiki wani?"

Ciyaman bai sauko ba. Sai yatsan ya juyo kaina. Wannan karon ba wanda ya ɗauka da shi ake.

"Ciyaman ya ce. Na ji. Hannun wa ke riƙe da tayar?"

Na dubi Ciyaman.

"Tambaya nake. Hannun Ciyaman ne?"

"Nawa ne."

"To mayar da ita inda ka ɗauko. Ba garawa ba. A ka."

Na ɗora taya a ka, da rigata mai ƙyalli, na bi titi har rumfa. Mata na kallo, ruwan da ya kwanta cikinta yana zubo mini a wuya. Shi kuma ya nuna mutum biyu suka kai mutumin wurin 'yan sanda yana taka ƙafarsa.

Kuma fa ya saci wayar. A cikin wandonsa aka same ta. Da wannan na je wa Kawu washegari ina huci.

"Ka wulaƙanta ni gaban mutane a kan ɓarawo!"

Yana danna tiyub cikin baho yana neman inda kumfa ke fita, ko ɗagowa bai yi ba. "Shi ɓarawon waya ne. Yau ma ɓarawon waya ya tashi. Kai da me za ka tashi yau, da na bar ka?"

Na ce ba ni ba shi. Wata goma sha ɗaya ban taka rumfarsa ba. In tayata ta sace, sai in tura keke in wuce shi in kai wa wani. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji.

Shi ya zo. Wata safiya ina kan layi a tasha, sai kawai ya shiga baya ya zauna ya ce, "Tagwai." Kamar bai taɓa ganina ba. Na ja. Muka bi hanya har bakin dam. Ya sauka ya tsaya yana kallon ruwa, masunta na jan koma can nesa.

"Nan ne," ya ce. "Ina saurayi, kafin in koyi faci, kamun kifi nake. Kwalekwale ya kife da wani mutumin ƙauyen can. Kamar daga nan zuwa bishiyar can. Mun fi ashirin a bakin ruwa, duk mun iya iyo. Na dubi na kusa da ni, ya fi ni iyawa, na ce zai shiga. Ashe shi ma ni yake kallo. Sau uku kansa ya fito. Yana ihu, jama'a, jama'a. Ya san sunana, tare muke sayar da kifi. Da sunana ya kira, da na shiga."

Ya juyo ya dube ni.

"To ka ji. Ban fi ka ba. Na riga ka ne kawai. Mu koma, na bar inji a kunne."

Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, kuma ya ishe ni. A hanyar dawowa bakina ya ƙi shiru. Na ce, "Kawu, ai kai ma umarni kake bayarwa. Me ya raba ka da Ciyaman?" Na ɗauka zai zage ni. Sai ya ce, "Tambayar kirki ta farko da ka taɓa yi. In an aike ka, ka duba mai aiken. A kan benci yake ko a ƙasa? Hannunsa da jini ko a aljihu? Sannan ka duba abin da aka ce ka ɗauko. In ba ka iya faɗa wa uwarka, ajiye shi, ko ni na aike ka." A makon na mayar musu da rigarsu da usur ɗinsu.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Litinin ɗin. Wajen sha ɗaya na safe na ɗauko fasinja biyu zan ratsa ta Sabon Gari. Na tarar taro ya ci rabin titi. Na taka birki. Ban sauka ba, miƙewa kawai na yi na riƙe rufin keke ina leƙe ta saman kawuna. Aka ce wani tsoho ne ya faɗi. Wasu na cewa farfaɗiya ce kar a taɓa, wasu na cewa a nemo 'yan'uwansa, wayoyi a sama. Ban ga fuska ba. Ƙafafu na gani ta tsakanin mutane. Takalmin taya, dama ja, hagu baƙi.

Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Zuciyata ta ce, irin na Kawu. Sai ta ƙara cewa, me zai kawo Kawu Sabon Gari yanzu, ai yana rumfa. Ga mutane cike, wani zai ɗauke shi. Fasinjan da ke bayana, mai babbar riga da jaka, ya taɓa mini kafaɗa.

"Direba, mu tafi. In ka ɗauka ya mutu a hannunka, kai za a riƙe. Wuce, ina da mitin."

Na zauna. Na murɗa makulli, inji ya tashi. Shekara tara bayan tayar nan, mai babbar riga ya ce wuce, na murɗa makulli.

"Kai! Mai keke! Mai shuɗiyar riga! Kai dai, kar ka duba baya!"

Mace ce ta fito daga tsakiyar taron, zani ɗaure a ƙugu, hannu duk toka, yatsa a miƙe. Mama mai masara. Kaskonta yana tsallaken titi, ta ji hayaniya ta zo. Ba ta ma gane ni ba tukuna, keke ta gani.

"Sauke mutanen nan! Oga, sauka, mitin ba zai mutu ba. Kai mai waya, sa shi aljihu, kama ƙafa. Kai mai gemu, kama nan. Ke, ruwa!"

Sai da aka ɗago shi na ga fuskar. Yana damƙe da 'yar leda a hannu, kwalbar maganin idon Inna ce a ciki. Abin da ya kawo shi ke nan, na kemis ɗin unguwarmu ya ƙare.

Mama ta zauna a baya ta ɗora kansa a cinyarta. Ina tuƙi ina kuka kamar wawa, tana cewa, "Baba Faci, kar ka yi mini haka, ba mu gama faɗa ba." Wajen rabin hanya ya buɗe ido. Bakinsa ya karkace gefe guda, magana na fita da ƙyar. Ya ga ƙeyata, ya gane.

"Ɗan Yaya."

"Na'am, Kawu. Mun kusa."

"Wa ya nuna ka?"

Ka ji mutum. Ya san ni ciki da waje. Na so in ce ba kowa, ni na tsaya da kaina. Mutum yana bakin tafiya, ƙarya ɗaya za ta faranta masa. Amma ga Mama nan, kuma ko ba ta nan ba zai yarda ba.

"Mama ce."

Na ji wani sauti, na ɗauka shaƙewa ce, ashe dariya yake. "Uwar Hayaƙi. Ta iya." Ya numfasa. "To ai ka zo."

Bai sake wata magana da na gane ba sai kalmar shahada washegari, a gadon asibiti, Inna riƙe da hannunsa. A gado ya cika, ba a kwalta ba. Ban san yadda zan gode wa matar nan ba. Kuma in na zauna na yi tunani, Kawu zan gode wa, don shekara goma yana ce mata "ke, ruwa" kafin ta ce wa wata. Shi ya ceci hannuna daga tayar, shi kuma ya ceci ƙafata daga wucewa, da bakin wata.

Ranar bakwai, bayan an yi addu'a baƙi sun watse, dangi suka zauna a tsakar gida. Ƙaramin kawunmu, ƙanensa da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, shi ke jagora. Ya yi magana mai daɗi. Ya ce Inna amanar kowa ce, za a duba lamarinta, za a tsara. Kowa ya ce haka ne. Mata suka fara neman mayafansu. Na ga 'yar Kawu tana kallon kwalbar magani a kan taga, tana kallon jakarta da ta riga ta ɗaure.

Ni a dangi ba na cikin masu magana. Ba karatu, ba mota. Amma na miƙe.

Na ce, "Kwana bakwai kuna sa mini albarka. Ku karɓi abarku, ba tawa ba ce." Na faɗa musu duka, da takalmin, da makullin. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Matata ta sunkuyar da kai. Ƙaramin kawu ya ce, "To, ai ya wuce. Zauna."

Na kusa zama. Wallahi na kusa. Babba ne ya ce zauna.

Sai na ɗaga yatsa. Kaina na fara nunawa. "Ruwa, Litinin da Alhamis, ni." Na juya kan ɗan ƙaramin kawu mai aikin ofis. "Kai, Talata da Asabar. Kar ka waiga, bango ne bayanka." Na nuna matata na ce ɗigon safe nata ne kullum, mu ne a kusa. Na bi ƙannena mata da 'ya'yan gwaggo ɗaya bayan ɗaya, kowace da yammarta, ta faɗa da bakinta a ji. Sannan na nuna ƙaramin kawun da kansa.

"Kawu, kai ne magani. Kafin kwalba ta ƙare, wata ta iso."

"Yanzu ni kake nunawa da yatsa?"

"Kai, Kawu."

Ya dubi yatsan. Sannan ya ce, "Na ji. Sauke shi."

Mama tana can gefe cikin mata, ta zo da dafaffiyar masara. Ta ce, "Ni fa? Ka tsallake ni don ni ba 'yar gida ba? Ba ni Juma'a, ku kuna hidima. Lahadi ne kawai kar ka taɓa mini."

Inna ba ta hango mu daga inda take. Ta ce, "Wai wa ke nuna mutane a gidan nan?"

Aka ce ɗan Yaya ne.

"Nasa a miƙe yake ko a karkace?"

"A miƙe, Inna."

"To za ka sha wahala. Na Malam bibbiyu yake kamawa."

Dariyarta ta farko ke nan tun ranar Talata. Ta yi ta, sannan ta koma kuka, muka taya ta.

Yau wata biyu. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mai Talata ya yi fashi sau biyu, na je har ofishinsu na tsaya a bakin ƙofa, ban ce komai ba, na ɗaga yatsa kawai. Ya ce to, to, na ji. Akwai 'yan'uwan da ke canza hanya yanzu in sun hango kekena. Na gaji, ba ƙarya, kuma ban iya abin kamar shi ba. Amma ɗigo bai tsallake ko sau ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Kawu. Ya yafe masa tsayuwar da ya yi a bakin ruwa, ya lissafa masa duk ƙafar da ya sa aka kama. Ranar da ba taron da za a ɓuya a ciki, kowa da sunansa za a kira shi, Allah ya sa ya ji nasa da daɗi.

Jiya Alhamis na kai ruwa. Na shiga ban yi magana ba, na sauke jarka ina juyewa a randa. Inna ta ɗago kai daga tabarma, ta ƙanƙance idon nan guda, ta daɗe tana kallona.

"Wai kai ba ka da wata riga ne sai shuɗiyar nan?"

Na ce ina da ita, Inna. Wannan dai nake sawa tun ranar da Mama ta nuna ni a cikinta.